Shekarar da Aka Kori Turmi Daga Gidanmu

Ina da shekara goma sha huɗu aka hana ni gudu a cikin gidan ubana. Ba gudu kaɗai ba, har tsalle da gaɗa da 'yar gala-gala da dirowa daga kan katanga. Ko atishawa ce ta taho mini da ƙarfi sai na fara duba fuskar Baba. Kuma lafiyata ƙalau. Wasu tsofaffi ne a ƙasashen da ban taɓa gani ba suka zauna suka shirya za su saurari cikin ƙasa, duk faɗin Barno ba su ga inda za su kafa kunne ba sai bayan madafinmu.

Baba malamin duba yanayi ne a filin jirgi. Mu mutanen Kano ne, aiki ya kawo mu Maiduguri tun ina ƙarama. Gidanmu yana can gefen gari ta hanyar tsohuwar Maiduguri, daga mu sai 'yan gidaje kaɗan da filin da awaki suke kiwo. Wannan shirun ne ya jawo mana. Wata rana Baba ya dawo da wani Bature da wani malami daga Ibadan, ga akwatin katako a bayan mota. Suka ce filin jirgi ba zai yi ba, jirage suna girgiza shi. Aka haƙa rami a ƙarshen gidanmu, aka zuba siminti, aka gina ɗan ɗaki a kai da matakala mai sauka ƙasa. A ciki aka zaunar da na'urar.

Na ɗauka zan ga abin tsoro. Ashe wani dunƙulen ƙarfe ne a rataye, da allura siririya, da wata ganga mai juyawa a hankali kamar ba ta so. Kullum Baba zai turara wa doguwar takarda hayaƙin fitila har ta yi baƙi ƙirin, ya naɗe ta a jikin gangar. Allurar tana jan layi a kai. Idan ƙasa ta yi shiru layin ya miƙe. Idan ta motsa, ko a bayan teku ne, sai allurar ta karce.

Muna cin tuwo Baba ya yi mana bayani, ni da Inna.

"Kowace ƙasa da ta isa tana da majalisar manyan masana," in ji shi. "Ba gwamnati ba ce, ba soja ba. Malamai ne suke zaɓar junansu. To majalisun nan ne suka haɗa kai suka ce shekara ɗaya da rabi kowa ya auna nasa gefen duniyar lokaci guda. Wasu suna duba iska, wasu ƙanƙara, wasu teku. Har ƙasashen da ba sa ga maciji da juna, malamansu suna musayar takardu. Tawa za ta je Ibadan, daga can ta haye teku, a kwafe ta a ajiye a ƙasashe dabam-dabam, don ko yaƙi ya ƙone wata ajiya wata tana nan."

"To mu ina tamu majalisar?" na tambaye shi.

"Ba mu da ita tukuna. A ƙarƙashin ta Ingila aka rubuta mu."

"Ashe agola ne mu," in ji Inna, ta ƙara masa miya.

Ni dai tun ranar na sa musu suna tsofaffin duniya. A raina ina ganin su zaune a kan tabarmi ɗaya mai tsawon daga nan zuwa Makka, kowa da gemu har cibiya, sun kifa kunne a ƙasa suna jiran su ji abin da ke faruwa a gidanmu.

Kafin a kafa na'urar sun aiko da tambayoyi. Akwai jirgin ƙasa kusa? Babu, bai ma iso Maiduguri ba. Akwai injin masana'anta? Babu. Teku? Baba ya yi dariya. Manyan motoci? Sai jifa-jifa. Duk ya ba su amsa tsakani da Allah. Su ba su tambayi turmi ba domin ba su san shi ba. Shi kuma bai ambata ba domin tun da aka haife shi yake jin sa, har ya daina ji.

Makon farko takardun suka riƙa fitowa kamar kaji sun yi tono a kansu. Kowace safiya ƙasa tana girgiza, kowace la'asar tana girgiza. Baba ya kwance wannan ya ɗaura wancan, ya zargi ɓeraye, ya zargi siminti. Ran Lahadi da ba ya zuwa ofis yana zaune a ramin, ni kuma na zuba gero na ɗaga taɓarya. Ba yabon kai ba ne, amma a unguwarmu babu yarinyar da ta kai ni daka. Ina cilla taɓarya sama in tafa in cafe. Ina cikin haka sai na ga kan Baba ya ɓullo daga ƙasa kamar na gafiya.

"Sake," ya ce.

Na sake. Ya nutse. Ya sake ɓullowa.

"Inna lillahi. Ke ce girgizar ƙasar."

Da yamma aka mirgina turminmu zuwa gidan Kaka. Kaka tsohuwar Babarbariya ce, ungozomar unguwa, gidanta yana can bayan filin awaki. Daga ranar duk abin da za a daka sai na ɗora a kai na kai can, in daka, in dawo. Sauran dokoki suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, domin Baba ya shiga sauka rami yana gwada mu. Faskaren ice, a waje. Mai ruwa ya tsayar da jakinsa nesa ya ƙaraso da ƙafa. Ragon layya a gidan maƙwabta ya yi zamansa, sai ranar yanka muka gaisa. Na taɓa faɗuwa da tulu, gwiwata tana jini, Baba ya fito da sauri ya duba agogo tukuna ya dube ni.

Ban san jikina yana da surutu haka ba sai da aka ce ya yi shiru. Na dawo daga makaranta da gudu, ina kaiwa ƙofar zaure in taka birki, in shiga a kan yatsun ƙafa kamar wadda ta zo satar kaza. Ƙawayena suka daina zuwa, wa zai zo gidan da ba a gaɗa? Matan unguwa ma haka. Da can tsakar gidanmu ba ta rabuwa da mata, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo kitso. Sai Baba ya fara tare su a zaure da ladabi yana cewa, "Don Allah a riƙa takawa a hankali." Mace mai jiki irin matar mahaucin unguwarmu a ce mata ta taka a hankali! Ta ce ita haka Allah ya yi ta, ta juya. Cikin 'yan watanni sunan gidanmu ya koma gidan lallaɓa. Har a Kasuwar Litinin na ji wata tana nuna ni tana cewa ga 'yar gidan lallaɓa.

Shi ma Baban ba sake yake ba. Kullum lokaci ɗaya sai ya sauya takarda, ya daidaita agogo da ƙarar rediyo, ba Juma'a ba Salla. Shekarar ba mu je Kano ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi da rarrafe ya sauka matakalar. Mu uku muna ɗaure a jikin allura ɗaya, ita ce kaɗai aka yarda ta motsa a gidan.

Cikin wannan hali Inna ta samu ciki. Tun bayan ni ba ta sake haihuwa ba, har ta daina zancen. Ta so ta tafi Kano wurin danginta, amma damina ta ɓata hanya, Baba ba shi da halin raka ta, kuma Kaka ta ce kada a kuskura a ɗora ta a bayan babbar mota. Don haka a Maiduguri ta sauka, da hantsi, Kaka ta karɓi namiji. Ya tsala kuka, na dubi Baba, ya ce kuka ba ya taɓa ƙasa, a bar shi ya yi.

A wurinmu idan mace ta haihu, kafin suna akwai ranar da mata suke taruwa a gidanta su daka mata yaji. Citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, a haɗa a daka a tankaɗe, shi za ta riƙa ci da nama duk zaman jegonta. Yajin kansa ko mutum ɗaya zai iya dakawa. Abin da ake so shi ne ƙarar. Duk wanda ya wuce ya ji lugude yana tashi daga gidan ya san mai jegon nan tana da mutane. Gidan da aka haihu aka ji shi tsit, an san abin da ake faɗa a kansa. Inna ba ta da uwa a garin, ba ta da ya ba ta da ƙanwa. Matan unguwar nan su ne danginta, kuma mun riga mun lallaɓa mun kore su.

Washegarin haihuwa aka bugo wa Baba waya a ofis daga Ibadan. Ƙasa ta girgiza a wata nahiya mai nisa, gidaje sun rufta da mutane, kuma ana sa ran za ta ƙara. Majalisun suna roƙon kowace tasha ta tsare takardunta su fito fes a kwanakin nan. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, ina ciki ina riƙe da jariri.

"Na yi tunani," ya ce. "Yajin nan a daka shi a gidan Kaka, a kawo miki a kwano. Duk ɗaya ne."

Inna ta gyara kwanciyarta.

"Ki gane mini. Daga nan har tafiyar kwanaki babu wani kunne sai namu. Motsin da ya kashe mutanen can yana ratsowa ta ƙarƙashinmu. Idan kowa ya kawo lokacin da ya iso wurinsa, shi ne za a san yadda cikin ƙasa yake. Tamu ta ɓaci, an samu giɓi ke nan, kuma ba a maimaita shi."

"Na gane, Malam," in ji Inna. Ta juya fuskarta bango.

Na saba ganin Inna tana faɗa, ban saba ganin ta ta yarda da sauri haka ba. Kunun kanwar da na kawo mata da yamma haka na ɗauke shi ya yi sanyi.

Baba ya aike ni in gaya wa Kaka. Na same ta tana tsinke zogale, na faɗa mata saƙon yadda aka ba ni.

"A gidana?" ta ce da Hausarta mai karkacewa. "Fero, ni na haihu?" Fero take kirana, wato yarinya da yarensu.

"Baba ya ce tsofaffin duniya suna saurare."

"Su saurara mana. Su ba mata ne suka haife su ba?" Ta ci gaba da tsinke zogalenta. "Amma ni ba na shiga gidan da ba a gayyace ni ba. Sauran ma ba za su shiga ba. An ce mana muna da nauyi."

Gayyata ai aikin 'yar gida ne, kuma babu wanda ya hana ni ita. An hana ni gudu a cikin gida, ba a hana ni a waje ba. Na bi unguwa gida-gida, na nausa har unguwar Bulabulin inda wasu matan Kanawa suke, ina gudu kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ko'ina na shiga sai in ce Inna tana gaisuwa, jibi ake dakan yaji, a gidanmu. Inda na ga ana jan jiki sai in ƙara gishiri, in ce ta rame har zobenta yana faɗuwa, in ce bango ya gaji da kallonta. Matar mahauci ta ce, "In taho in taka a hankali?" Na ce, "Ki taho da dukkan jikinki, Gwaggo."

Da na dawo na gaya wa Baba abin da na yi, yana alwala. Ya daɗe yana kallona, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya ce za mu gani.

Ranar da safe na mirgino turminmu daga gidan Kaka. Ya shigo zaure yana gurnani kamar ya san an zalunce shi. Baba bai je ofis ba. Hantsi yana dubawa mata suka fara shigowa, Kaka a gaba, kowace da taɓaryarta a kafaɗa, wasu sun ɗauko nasu turamen. Ban taɓa ganin yaƙi ba, amma na ga yadda ake tafiya wurinsa. Suka jeru a tsakar gida. Baba yana tsaye a ƙofar ɗakin rami, ya yi musu sannu da zuwa murya can ƙasa.

"Wushe, Malam," in ji Kaka, ta mayar masa da sannu da yarensu. "Barka da arziki. Mun zo aikinmu."

"Kaka, ki yi haƙuri ki saurare ni. Alkawari na ɗauka. Mutane a ƙasashe da yawa suna jiran takardar nan."

"Suna da yawa?"

"Sosai."

"A cikinsu wa zai zo ya dafa mata ruwan wanka?"

Wasu suka yi dariya, Baba bai yi ba. Ya sake bayanin girgizar, da mutanen da gidaje suka danne, kuma wallahi da ya faɗa sai dariyar ta tsaya. Matar mahauci ta sauke taɓaryarta ƙasa a hankali, ita da kanta. Wata ta ce to ko a koma gidan Kakar. Na tara su daga ko'ina, ga shi za su fita a kan yatsun ƙafa.

Sai labulen ɗakin Inna ya motsa. Ta fito bakin ƙofa, abin da mai jego ba ta cika yi ba, ta dafa bango. Ba ta dubi Baba ba, matan ta duba.

"Sannunku," ta ce. "Na gode da kuka zo. Ko ba a daka ba, na gan ku."

Ta saki labulen ta koma ciki.

Baba ya dubi labulen, ya dubi ƙofar ramin. Ya sa hannu a aljihu ya ciro agogonsa.

"Kaka, dakan nan zai kai yaushe?"

"Sai ya yi laushi."

"Azahar?"

"In 'yarka ba ta tsaya surutu ba."

"To ku jira in sauka. Idan kun ji na buga ƙofa, bismilla."

"Za ka kashe abin ne?" na tambaye shi.

"A'a. Ba a ba ni ikon tsayar da shi ba. Ya rubuta abin da ya ji."

Ya sauka. Muka ji ƙwanƙwasa. Kaka ta ɗaga taɓarya ta saki guɗa, ni kuma duk gudun da tsallen da na haɗiye shekara guda na zuba su cikin turmin nan. Turmi uku suna amsa wa juna, mu uku-uku a kowane, ana cillawa ana tafawa. Barkono ya tashi, kowa yana atishawa son ransa. Kaji suka tsere. Na rantse katangar gidanmu sai da ta ja da baya. Yara suka cika ƙofar gida, masu wucewa suna tambaya ko gidan lallaɓa ne kuwa. Inna ta sa aka ɗage mata labule, tana zaune da jariri a cinya, tana ce wa matar mahauci ba ta iya riƙon taɓarya ba.

Da aka karɓe ni in huta na leƙa ramin. Baba yana zaune a kan matakala ta ƙarshe, allurar tana ta haukan karce takarda, baƙin duk ya zama fari. Fuskarsa kamar wanda ake aske wa kai da kwalba. Amma yatsunsa suna bin luguden a kan gwiwarsa, bai sani ba.

"Ga ki nan," ya ce, ya nuna wani wuri da karcen ya fi tsayi. "Nan kuma matar mahauci ce."

Da azahar aka gama, gida ya yi shiru, layin ya koma ya miƙe. Baba ya cire takardar ya tsoma ta a ruwan da yake kama hayaƙin, ya shanya. A gefenta ya rubuta lokacin da aka fara da lokacin da aka gama, ya rubuta dalili: matata ta haihu, mata sun zo daka. Ya daɗe yana duba tsakiyar karcen da madubin ƙara girma, ko wani motsi ya ratso daga nesa a waɗannan sa'o'in. Bai iya ganewa ba. Har yau bai sani ba, kuma na san abin yana cin sa, domin wani lokaci yakan tayar da zancen ba gaira ba dalili.

Amsa ta zo bayan watanni, ta hannun malamin Ibadan. Sun gode da ya faɗi dalili, sun ce sa'o'in sun ɓace amma sauran takardun suna da amfani. Sun yi barka. Sannan suka ce in dai dakan nan dole ne, a tsayar masa da lokaci ɗaya kullum don su san shi su tsallake shi. Haka turminmu ya dawo gida, ni kuma na zama yarinya ta farko a Barno da take daka da agogo. Baba zai tsaya a kaina ya ce fara, ya ce tsaya, ko geron ya surfu ko bai surfu ba. Gudu da tsalle dai ba a sake mini su ba sai da aka zo aka kwance na'urar. Yanzu tantabaru ne a ɗakin, amma har gobe ina shiga zaurenmu a kan yatsun ƙafa in ban tuna ba.

Washegarin dakan, Baba ya naɗe takardarsa zai kai gidan waya. Inna ta kira shi ta miƙa masa gwangwani cike da yaji, ta ɗaure bakinsa da tsumma.

"Wannan kuma Kano za shi," ta ce. "Ka ba direban da zai tafi. A ce wa Iyata a gidana aka daka, turmi uku."

Baba ya sa takardar a hammata ɗaya, gwangwanin a ɗaya, ya hau kekensa yana atishawa.